Agogon da Luba Ta Haɗa wa Ladan

A unguwar Sheshe ba wanda ya san takamaiman aikin Luba. Ana dai ganinta a ɗaki gaban kwamfuta, sai a ce tana can tana danne-dannenta. Alhali koya wa na'ura sanin lokaci take yi. Kwamfuta ba ta san safe ba, ba ta san yamma ba; wani ɗan mitsitsin dutse ne ke bugawa a cikinta, ita kuma tana ƙirga bugun. Luba na cikin masu rubuta manhajar da ke wannan ƙirge, su kuma gwada shi da agogon da aka yarda da shi.

Mahaifinta, Malam Ɗahiru, shi ne ladanin masallacin layinsu tun ba a haife ta ba. Da inuwar katanga yake gane Azahar, da ido yake gane Magariba. Da idon ya tafi, sai Luba ta haɗa masa ɗan akwati mai magana, aka ajiye a tagar masallaci. Tsoho ya ji daɗi ƙwarai, har yana yi wa tsaransa fariya.

Wata rana cikin azumi akwatin ya ce lokacin Magariba ya yi, Malam ya kira salla, unguwa ta sha ruwa, ga rana jajir a kan dutsen Dala. Kowa sai da ya rama azumin nan. Ba wanda ya yi masa faɗa, kuma shirun ya fi yi masa ciwo. Ya ce ya bar ladanci.

Luba ta kwance akwatin ta gano matsalar. A ɗakinta mai sanyi ta saita shi, shi kuwa ƙarƙashin kwano ya zauna, zafi ya canza bugun dutsen. Kaɗan-kaɗan yake gaba, wata da watanni, har abin ya taru. Ta gyara shi yadda kullum zai gwada kansa da agogon intanet, sannan ta yi ta lallashi har tsohon ya yarda ya koma.

Da yamma ta yi akwatin ya yi magana. Malam Ɗahiru bai motsa ba. Ya juya wajen ƙofa, inda ya san tana raɓe.

"Luba, hau bene ki duba min. Rana ta faɗi?"

"Baba, na gyara shi fa."

"Na sani. Azumin mutane ne a wuyana."

Ta hau, zuciyarta ba daɗi, ta duba yamma sosai, ta leƙo ta ce ta faɗi. Sai ya miƙe.

Akwatin bai sake kuskure ba. Amma har Malam ya rasu, Luba ba ta taɓa karɓar aikin da zai hana ta Sheshe da magariba ba.