Shekarar da Dumana Ya Haifi Ludayi

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina anka yi ta, nan Argungu, ina da sauran haƙorana huɗu.

Jikana yana da shekara goma sha uku ya ɗauki goran maƙwabcinmu da homarsa, ragar kamun kifi, ba tambaya. Maƙwabcin nan tsohon masunci ne. Goran kuwa irin babban nan ne da ake kifa ciki a kansa a bi ruwa, tun na ubansa. Yaro ya shiga gulbi, gora ya bugi kututture ya tsage, homa ta yage, shi ya fito da kifi ɗaya wanda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci.

Tsoho ya kira ɗan sanda. Anka ce za a kai yaro Birnin Kebbi, gidan da ake tsare yara.

Ni na san gidan, ko da ban taɓa shiga ba. Wani yaron unguwarmu ya tafi can a kan kaza, ya dawo ya iya tada babur ba mabuɗi. Na yafa mayafi, na tarar da su a zauren mai unguwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, can Birnin Kebbi ana shuka duma a ɗaki?"

Mai unguwa ya ce, "Inna, mi ya kawo duma?"

"Gora anka fasa. In an kulle maigidan nawa shekara, Malam zai hau ruwa a kan takarda? A ba ni shi. Ya shuka duma, ya yi ta ban ruwa har ya ba da gora. Kafin nan kullum ya zauna ƙofar Malam ya ɗinke homa."

Tsoho ya ce, "Wannan hannun da ya iya ɓarna kaɗai?"

Na ce, "Malam, naka hannun da ɗinki anka haife shi?"

Ɗan sanda ya dubi agogo, ya ce in mai ƙara ya yarda shi ba ruwansa. Anka yarda, da sharaɗin in kaka ta yi ba gora, yaro ya tafi.

Ni na ba da iri daga tsohon gwangwanina. Yaro ya shuka a bayan danga. Safe ruwa, yamma ƙofar Malam, yana shan zagi yana koyon ƙulli. Duma ya yi yaɗo, ya haye rumbu, ya yi fure, ya sa 'ya'ya. Ina duba su ina ganin wuyansu na tsawo, cikinsu bai ƙaruwa. Na ƙara addu'a.

Kaka ta yi. Ludayi ne, jama'a, tun daga tushe har saman rumbu. Irin ludayi na ba shi.

Munka koma zaure da kwando. Mai unguwa ya ɗaga ɗaya, ya juya shi, ya ce, "Malam, ko za ka gwada hawa?" Ba wanda ya yi dariya sai ɗan sanda. Na ce laifina ne, in tafiya ce a tafi da ni, amma a sani ba na cin tuwo ba man shanu. Yaro yana gefe.

Ɗan sanda ya ce, "Baba, sharaɗi ya faɗi. In tafi da shi?"

Tsoho ya dubi kwando. Ya ce, "Ya gama tsohuwar homa, mun ɗora sabuwa, tana rabi. Idona bai ganin zare. In ka tafi da shi, kai za ka zo ka ƙarasa?" Ya juyo gare ni. "Baɗi ni zan ba da iri. Ke kuma kada ki kusanci dangar."

Da shekara ta kewayo gora ya fito, har biyu. Tsoho ya hau ɗaya damina uku kafin Allah ya karɓi abinsa. Ɗan sanda anka mayar da shi Gulma. Mai unguwa yana nan, ya ƙara ƙiba. Jikana yanzu masunta na layi a ƙofarsa da yagaggun homa, ya yi aure, ya sa mini wutar sola a ɗaki. Ni kuwa ga ni, haƙori ɗaya ya rage, kuma shi ma yana motsi.