Dogon Ajingi da Gajeren Gaya

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, mu uku: ni, da abokina tela, da mai motar da ya ɗauko mu. Dukanmu magoya bayan ƙungiyar ƙwallon kwando ta unguwarmu ne a Kano. Babu mai iya jefa ƙwallo a cikinmu, amma in ana maganar baki ba a barin mu a baya. Abin da ya fito da mu shi ne ɗan wasanmu ɗaya ya shiga soja, guri ya buɗe, ga gasa saura wata guda. Mutum biyu ake ta musu a kansu: Sabo, ɗan kwalejin horar da malamai da ya je hutu gidansu a Gaya, da wani Bukar, mutumin Damagaram ta ƙasar Nijar, wanda aka ce yana zaune wurin kawunsa a Ajingi. Kocinmu ya gaji da surutunmu, ya ce tunda ba wanda ya taɓa ganin Bukar da ido, mu je mu gano masa.

Ba mu bar gari ba musu ya tashi. Tela ya ce tsawo muke nema, kuma an faɗa masa Bukar sai ya sunkuya yake shiga zaure. Mai mota ya ce shi ya ga wasan Sabo sau biyu, ba zai ajiye abin da ya gani ya ɗauki labari ba. Ni dai so nake in san yadda aka yi wasan da ko a birni bai gama yaɗuwa ba ya isa Damagaram.

A Wudil muka karya da koko da ƙosai. Mai ƙosan har yanzu da sule take ciniki, sabon kuɗin nan na naira kuwa sai ta juya shi ta sake juyawa kafin ta karɓa. Ruwan kogi ya janye ƙwarai, yashi ya fito fili. Daga nan har Gaya duk gonar da muka wuce geronta gajere ne, zangarniyar ba ta cika ba. Damina ta yi gardama bana, amma a birni ba mu san ta kai haka ba.

Mahaifin Sabo malami ne, a zaure muka same shi da littattafansa. Bayan gaisuwa tela ya yi bayani. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan wasan da ake jefa ƙwallo a abin da ba shi da gindi? Na gani. Ban hana ba, amma ranar da ya rasa aji saboda shi, ranar ya daina."

Muka ce, "Allah gafarta Malam, mun ji."

Filin Sabo yana bayan firamare: ƙarfen tayar keke ne aka kafa a jikin allo, aka ɗaure a itace. Sabo ko kafaɗar tela bai wuce ba, amma daga nesa yake tsayawa ya sako ƙwallo ta faɗa tsakiya ba ta taɓa ƙarfe ba. Mai mota ya dinga kallon tela yana gyaran murya. Tela ya ce tunda babu mai tare Sabo a filin, ai ko shi ma zai iya. Da Sabo ya ji inda za mu, ya roƙa mu tafi da shi, don shi ma ya daɗe yana jin labarin dogon nan.

Hanyar Ajingi burji ce mai ramuka, sai da muka sauka sau biyu muka tura. Mun ci sa'a ranar kasuwa ce. Muka sha fura da nono a wurin wata Bafulatana da ta ce nono ya yi tsada don shanu ba sa ƙoshi, kuma gaskiyarta, don nonon ma ya sha ruwa. Da muka tambayi Bukar, wani mai gyaɗa ya ce, "Ku ɗaga kai kawai." Muka ɗaga, sai ga shi can layin 'yan hatsi da buhu a ka, ya zarce rumfuna.

Kawunsa mai awon hatsi ne, da muka faɗa masa abin da ya kawo mu ya ba shi izinin ya gwada mana wasa. Babu filin wasa a nan, sai muka sami tsohon kwando muka fasa gindinsa, muka ɗaure a reshen tsamiya. Tela ya fito da ƙwallon da ya zo da ita. Da Bukar ya karɓa sai ya tsaya yana jujjuya ta a hannu. Ya ce a makarantar sakandare wani malaminsu ya koya musu, kuma rabonsa da ƙwallo shekara guda.

Suka kara shi da Sabo, 'yan kasuwa suka yi da'ira. Duk lokacin da Sabo ya matso, Bukar hannu kawai yake miƙawa ya kaɗe ƙwallon. Da Sabo ya gane, sai ya koma jefowa daga nesa yana ci. Bukar kuwa da Faransanci yake ƙirga nasa, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko addu'a yake yi. Da suka tsaya suna haki, Sabo ya zo kusa da ni ya ce, "Yaya, da ni ne koci, shi zan ɗauka. Irina akwai su a kwaleji."

Tela ya cika da murna, ya shiga yi wa Bukar bayanin gasa da riguna. Bukar ya bari ya gama, sannan ya ce, "Na gode. Amma ni ba yawo ya kawo ni nan ba. Fari ya kashe mana shanu, na bar makaranta. Abin da nake samu a wurin Kawu shi nake aika wa gyatumata da ƙannena. In na bi ku Kano, wa zai aika?"

Kawun ya ce, "Ɗana, in kana so ka tafi, ba zan riƙe ka ba."

Bukar ya girgiza kai, ya miƙa wa tela ƙwallonsa. Tela ya mayar da hannuwansa baya ya ce, "Taka ce. Kada hannun ya mutu."

Mun sauke Sabo a Gaya bayan la'asar, muka shigo Kano ana kiran magariba. Washegari muka faɗa wa koci duk abin da muka gani, ya rubuta sunan Sabo, ya ce kuma duk ranar da Bukar ya zo akwai rigarsa. Abin da na dawo da shi shi ne, sati uku muka yi muna musu a kan tsawon mutum da ƙarfin hannunsa, ba wanda ya tambayi abin da ya raba shi da garinsu. Tela ya riga ya yanka rigar Bukar, shi tela ta kai masa har gwiwa, ya rataye ta a shago.