Gaisuwar da Ta Jefa Gidan Surukina Cikin Jan Layi

Na ga abubuwa iri-iri a shekarun da na yi ina kabu-kabu a Sabon Birni, amma har in koma ga Allah ba za ni manta da lokacin da gaisuwa ta kusa raba surukina da gidansa ba. Kuma ba wani ya jawo ba, ni ne, da ƙafafuna biyu.

A shekarar da gulbi ya cika ya ci gidajen bakin fadama, bayan ruwa ya janye, sai ga masu bincike daga wata jami'a. Shugabarsu mace ce, kowa Dakta yake ce mata. Aikinsu shi ne su haɗa hoton garin da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama da abin da suka auna a ƙasa, su fitar da taswirar da za ta nuna iyakar inda ambaliya ke kaiwa. An kuma sanar cewa duk gidan da ya faɗa cikin jan layin taswirar, za a ba mai shi fili a bayan gari ya tashi.

Ni suka ɗauka ina yawo da su, don babu lungun da ban sani ba. Rana ta uku aiki ya yi musu yawa, sai Dakta ta miƙo mini wata na'ura kamar ƙaramar waya.

"Ka ajiye babur ka bi da ƙafa," in ji ta. "Ka bi tabon da ruwa ya bari a jikin katanga. Duk inda ka taka tana rubutawa. Kada ka danna komai."

Na ce to. A raina kuwa na ɗauka abar ido gare ta kamar kyamara, shi ya sa na riƙe ta sama ina tafiya ina ƙasaita, mutane na kallona.

Ina cikin tafiya na iso bakin lungun da ya hau jigawa, inda gidan surukina yake. Ga tsohon can zaune a ƙofar zaure, kuma mun haɗa ido. To, a wajenmu, ka ga uban matarka ka wuce? Ai kafin la'asar labari ya kai har garin Kurawa. Sai na jefa na'urar cikin aljihu, a zatona na rufe mata ido. Na hau jigawa, na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaishe shi. Ya sa aka damo hura. Na sha, na shiga ciki na gaida tsohuwa, sannan na sauko ta hanyar da na hau, na fito da na'ura na ci gaba da aikina hankali kwance.

Bayan kamar mako biyu aka tara mutane a ƙofar mai unguwa, aka shimfiɗa taswira don kowa ya duba. Jan layi ya bi bakin fadama tiryan-tiryan, sai a wuri ɗaya ya miƙe siriri kamar yatsa, ya hau jigawa, ya shige gidan surukina. Na gane hanyata, har kwanar da na yi wajen rumbu.

Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga gida da jama'a suka gudo suka fake cikinai, shi ne ruwa ya ci?"

Wani ya ce ai na'ura ba ta ƙarya, ƙila ta hango abin da ke tafe ne. Masu binciken suka rubuta ƙorafinsa, suka ce za su duba. Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar ban san zancen ba.

Kwana huɗu na yi ban faɗa wa kowa ba. Gidan nan ubansa ya gina shi, a ciki aka haifi matata. Tsoho ya daina cin abinci, ya daina fitowa zaure. Matata ta dawo daga can da idanu jawur, ta ce, "Maigida, Baba ya ce sai dai a fitar da gawarsa." Na ce Allah ya kyauta. Wallahi har yau in na tuna wannan amsa ina jin kunyar kaina. Ba hukuma nake tsoro ba, tsoron a ce surukin gida ne ya yi wannan wauta nake yi.

Rana ta biyar da safe Dakta ta kira ni, ta ce in kai ta jigawar. Muka tarar da tsohon kwance a tabarma, ya rame. Ta gaishe shi, ta buɗe kwamfutarta a gabansa.

"Baba, ma'aunin tudu da kwari ya nuna gidanka ya ɗara fadama da kusan tsawon giginya. Hoton sama na lokacin ambaliya ma bai nuna ruwa a nan ba. Kuma ban taɓa ganin ruwan da ya hau tudu, ya daɗe a ƙofar zaure, ya shiga cikin gida, sannan ya sauko ta inda ya hau ba."

Ta juyo ta dube ni.

Na durƙusa a daidai inda na durƙusa waccan ranar. Na ce, "Baba, ni ne ruwan. Ranar da na zo gaishe ka, na'urar na cikin aljihuna."

Can sai na ga kafaɗunsa na rawa, ashe dariya yake yi, har da hawaye.

"Ashe hurar da na ba ka ce ta so ta rushe min gida," in ji shi. Ya leƙa ciki ya ce a kawo masa tuwon da ya ƙi ci jiya.

Ban san lokacin da na zauna dirshan a ƙasa ba. Dakta ta ce ita ma da nata laifin, da ba ta gaya mini abar ko a aljihu tana aiki ba. Ta ce shi ya sa ba sa miƙa taswira sai mutanen wuri sun gani sun yi magana.

A ranar muka sake bin layin, ni da ita. Da muka zo bakin lungun, ga tsoho ya fito zaure da akushi a gabansa. Ƙafata ta fara karkata da kanta. Ya ɗaga hannu daga nesa ya ce, "Wuce, wuce. Na yafe gaisuwar yau."

Gidan yana nan, yarana can suke wuni. Kuskuren aljihu kowa na iya yin sa, kuma an gyara shi a wuni ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwana huɗun da dattijo ya yi bai ci abinci ba, alhali maganar da za ta warkar da shi tana bakina. Tun daga ranar, in na yi ɓarna, ba na bari wani ya riga ni faɗa.