Ranar da Na Fasa Ƙwan Fim a Dogo Tebo

Na ga abubuwa a duniya, kuma yawancinsu na bar su a inda suka faru. Amma akwai wata Asabar da Lahadin da ta biyo ta, a wani gidan kallo na kwano a unguwar Dogo Tebo da ke Potiskum, da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni direban tirela ne a da. Shekara goma sha tara ina kwasar shanu daga Potiskum zuwa Kudu. Ban yi boko ba. Ɗan Turancin da nake ji a tasha na tsince shi, ina jiran lodi, ana sa fim ya ƙare a sake sawa. Wata rana burki ya ƙi a gangara, mota ta kife. Shanu sun mutu, ni ban mutu ba. Ƙafar hagu ce ta daina taka kuloci. Na dawo gida na zauna, matata tana suyar awara a ƙofar gida tana ciyar da mu. Duk namijin da ya saba fita ya san zafin irin wannan zama.

Ina da wani aboki Babarbare mai gidan kallo. A lokacin fina-finan da aka yi wa fassarar Hausa ba su cika gari ba. A gidansa mutum ake ajiyewa a gefen talabijin da makirufo, yana gaya wa jama'a abin da Turawa ke cewa. Mai yi masa wannan aiki ya koma wani gidan a Dogo Nini, ya ja rabin 'yan kallo. Sai abokin nan ya same ni a gida.

"Direba, ai kana jin Turanci."

"Ina jin na zagi da na ciniki."

"Ya isa. Ka zo Asabar da Lahadi bayan la'asar. In benci ya cika ranar Lahadi har fim ya ƙare, aiki naka ne. In wuri ya yi wayam, abota tana nan, aiki babu."

Na ce to.

Sai na gaya muku wata al'ada tamu ta direbobi, don ku san ba mugunta na yi ba. In ka biyo hanya ka haɗu da ɗan'uwanka zai bi ta, dole ka gaya masa abin da ke gaba. Rami ne, gada ce ta karye, 'yan fashi ne, ka faɗa. Ko ba ku tsaya ba ka kunna masa fitila ka yi masa alama da hannu. Wanda ya san gaba ya yi shiru, a wurinmu ba mutum ba ne. Da wannan tarbiyya na riƙe makirufo.

Ranar Asabar aka tayar da janareto, aka sa fim. Wani attajiri ne aka tarar ya mutu a ɗakinsa, ƙofa a kulle ta ciki. A gidan akwai matarsa, da ƙanensa, da kuku, da likitansa mai gilashi. Wani ɗan sanda mai doguwar kwat ya zo yana yi wa kowa tambaya. Ni kuwa sau huɗu na ga fim ɗin a Kudu.

Ba a yi minti goma ba gardama ta kaure. A bencin gaba akwai wani ƙaton mahauci, wanda ba ya fashin kallo, shi ne kamar shugaban wurin. Ya nuna allo ya ce, "Matar ce! Ku dubi idonta, ko ɗigon hawaye babu." Wani daga baya ya ce kukun ne, ai mai dafa maka abinci shi ke riƙe da ranka. Wani ya rantse ƙanen ne saboda gado. Na dube su, sai suka ba ni tausayi, kamar masu haƙa rijiya a kan dutse. Na buga makirufo da yatsa.

"Jama'a, ku huta. Likitan ne. Mai gilashin nan. Allura ya yi masa."

Gardama ta tsaya cak. Ƙarar janareto kaɗai ta rage.

Mahauci ya juyo a hankali. "Direba, me ka ce?"

"Likitan ne."

"Na ji! Wa ya tambaye ka?"

"Hanya na rage muku."

"To hanyar muka zo bi, ɗan nema!"

Ɓawon gyaɗa ne ya fara sauka a kaina, sai ledar ruwa, sai takalmi ƙafa ɗaya. Rabin mutane suka fice suna tsaki. Sauran suka zauna don kawai su ga na yi ƙarya. Da aka kama likita a ƙarshe, na zaci za su ba ni haƙuri. Ina! Fushinsu ma ƙaruwa ya yi. Abokina bai zage ni ba. Ya naɗe wayar makirufo ya ce, "Saura gobe."

Matata ta yi makaranta, kuma ba ta rabuwa da littattafan labari da take haya a kasuwa. Na same ta tana suya, na ba ta labari. Ta yi dariya har sai da ta sauke kasko.

"Baban yara, in aka ɗauke tsoka a tukunyata, me nake yi?"

"Ki tara yara ki yi ta shari'a."

"To a littafi da fim, shari'ar ita ce labarin. Abu ya riga ya faru, ana neman wanda ya yi. Mai kallo so yake ya riga ɗan sanda ganowa, ya fita yana cika baki. Daɗin a neman yake. Kai kuwa ka cinye musu naman ka miƙa musu ƙashi."

"Wato in rufe baki."

"A irin wannan dai. Amma akwai wani irin da..."

"Na gane."

"Ba ka gane ba, tsaya mana."

Ban tsaya ba. Ni a ganina magana ta ƙare. Yau da na tsufa na san rabin karatu ya fi jahilci haɗari.

Ranar Lahadi mutane ƙalilan suka zo. Mahauci ya zo, ya ce don ya ga ƙarshena. Ni kuma na yi wa kaina alkawari ko za a yanka ni ba zan fasa ƙwai ba.

Fim ɗin ranar ban taɓa ganinsa ba. Da farawa aka nuna wani mai zanen wuƙa a kumatu yana waya. Na kasa kunne, na ji shi sarai. Yana gaya wa maigidansa ya gama aiki: ya ɗan yanki bututun burkin motar wani bawan Allah, bai tsinke shi duka ba. A cikin gari burki zai kama, sai an hau gangaren dutse zai saki. Ba a nuna yankan ba, a baki kawai aka faɗa. Wato a duk gidan kallon nan ni kaɗai na sani.

Mahauci ya ce, "Direba, me ya ce?"

"Waya yake yi."

"Muna da ido. Me ya ce a wayar?"

"Za ku gani."

Sai aka koma gidan mai motar. Yana wanke mota yana fito. Matarsa tana haɗa abincin tafiya. 'Yarsu ƙarama tana bin kyanwa. Ni kuma ina fassara da gaskiyata: "Ta ce ina gishiri. Ya ce yana kan tebur." Haka muka yi ta yi. Wani ya yi hamma har sai da na ga ƙarshen haƙoransa. Wani ya ce, "Jiya ya yi mana surutu, yau ya kawo mu kallon wankin mota." Aka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Abokina yana tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannu, ba ya ko kallona.

Ni kuwa gumi nake yi. Abin da suke gani wankin mota, ni makara nake gani ana wankewa. Mutumin ya ɗauki 'yarsa ya sa a kujerar baya. Ya shiga, ya tayar da inji, ya taka burki sau ɗaya ya ji ya kama, ya gyaɗa kai. Na san wannan takun. Haka na yi da safen ranar da na kife.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"An yanke masa burki! Mai zanen nan ne ya yanke! Sai a gangara zai saki, kuma shi bai sani ba!"

Lasifika ta yi ƙara. Na koma na zauna, na ce a raina shi ke nan, gobe sai in taya matata yanka awara.

Sai na ga waɗanda suka kai bakin ƙofa sun tsaya. Suka juyo. Mahauci ya dafa benci ya ce, "Da yarinyar a ciki?"

"Da ita."

"La ilaha illallahu! Kai, sauke ta! Sauke ta mana!"

Fim bai canja ba, mutanen ne suka canja. Matar ta manta fulas ɗin shayi ta koma cikin gida, gaba ɗaya aka hau addu'a Allah ya sa ta daɗe. Ta fito da sauri, aka yi ta zaginta. Suka tsaya shan mai, kowa na ihu wa mai gidan man ya leƙa ƙarƙashin mota. Ya sunkuya, aka ɗauke numfashi. Ashe takalminsa yake ɗaurewa. Wani ya ruga waje ya kira waɗanda suka tafi. Masu keke napep da ke jiran fasinja a bakin layi suka ji hayaniya suka shigo. Kafin motar ta kai gindin dutse babu wurin sa ƙafa.

Da aka fara gangara burki ya saki. Ga kuma mai zane ya biyo su a baya da wata baƙar mota yana tunkuɗa su. Daga nan babu abin fassarawa, ihu kawai suke yi. Ni ma na manta cewa fassara nake yi.

"Kada ka kashe inji! Sauko da giya! Ta uku! Ta biyu! Bar burkin hannu tukuna! Goga ta da dutse, goga ta!"

Mutumin ya karkata sitiyari ya goga mota a jikin dutse, wuta na tashi. Mahauci ya rungume na kusa da shi yana cewa, "Ya ji ka, Direba! Wallahi ya ji ka!" Baƙar motar ta wuce su ta faɗa kwari. Tasu ta ja ciki ta tsaya a bakin gaɓa, taya ɗaya a iska. Aka ɗauki kabbara. Mutum bakwai suka hau benci ɗaya suna tsalle, ya karye da su.

Da aka watse abokina ya zo ya dubi bencin, ya dube ni.

"Na ce ya cika, ban ce ya karye ba. Gobe ka zo da guduma da ƙusa. Ka gama gyara kafin la'asar, akwai fim."

Na koma gida kaina a ɗaure. Na ce wa matata, "Jiya na faɗa, an jefe ni. Yau na faɗa, an ɗaga ni sama. Mutanen garin nan ba su da alƙibla."

Ta ce, "Yau za ka bari in gama?"

Na zauna.

"Na jiya, mai kallo da jarumin fim duk ba su sani ba, tare suke nema. Wanda ya faɗa ya kashe labari. Na yau kuwa, kamar ka ga kunama ta shiga takalmin mutum ne, shi bai gani ba, ga shi yana miƙa ƙafa. In kai ma ba ka ga kunamar ba, me za ka kalla? Mutum yana sa takalmi kawai. Dole mai kallo ya sani, sannan cikinsa ya ɗuri ruwa. Mai fim ya riga ya faɗa a wayar nan, kai ka tare."

"Na gangaren fa?"

"Wannan shi ne na uku. Ka taɓa ganin sa ya tsinke igiya a kasuwar shanu?"

"Ya taɓa bina."

"Ka tsaya binciken wa ya ɗaure shi?"

"Ƙafa me na ci ban ba ki ba."

"To shi ke nan. Babu nema, babu jira, sai gudu da bugun zuciya. Kuma fim ɗaya yana iya farawa da wannan ya ƙare da wancan, kamar naka na yau."

Daga ranar muka yi tsari. Da safe in kalli fim ni kaɗai a gidan kallo, in dawo in ba ta labarin a taƙaice, ta yanke hukunci: wannan na rufe baki ne, wannan na faɗa ne, wannan na ihu ne. Na ihun na fi iyawa, don ba ya son dogon zance. Na rufe bakin kuwa, har na bar aikin sai na ciji leɓe nake iya shi. Shekara shida ina riƙe da makirufon nan, da shi na mayar da yara makaranta, har fassara ta cika wayoyi kowa ya koma kallo a tafin hannunsa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Sanin abu ba gwaninta ba ne, kowa na iya sani. Gwanintar ita ce ka dubi mutum ka gane halin da yake ciki kafin ka buɗe baki. Wanda ke jin daɗin nema, ƙyale shi ya nema, ko da amsar tana ƙona maka harshe. Wanda ke tafiya bai ga ramin gabansa ba, kada ka jira ya tambaye ka. Wanda kuma abu ya riga ya biyo shi, ba ya bukatar bayaninka. Kalma biyu za ka ba shi, kuma su zama daidai.