Rumfar Jirgin Yaya

Har yau idan jirgi ya wuce ta saman kaina sai na ja tsaki. Yayana ne ya jawo.

Lokacin farar hula sun dawo mulki, kuɗin mai ya fara yawo a Abuja, shi kuma darakta ne a wata ma'aikata. Abokansa na sayen filaye, shi sai ya yi odar ƙaramin jirgin sama a cikin akwatuna, wai zai haɗa da hannunsa. Mutumin da ko ƙwan lantarki ne ya mutu sai ya kira mai gyara!

Ni ina ɗakin baya a gidansa na Jabi tun rasuwar mijina. Nan nake kwana, nan keken ɗinkina yake, da shi nake rufa wa kaina asiri. Fukafukan suka ƙi shiga gareji, sai ya sa aka kafa wata ƙatuwar rumfar kwano, aka jingina ta da bangon ɗakina. Na ce, "Yaya, ka nemi izini kuwa? Ka san garin nan." Ya ce, "Ke dai yi ɗinkinki. Wa zai taɓa gidan oga?"

Duk Asabar da Lahadi yana ciki da littafin Turanci, yana huda gwangwani, yana buga ƙusa a karkace, yana cirewa yana zage-zage. Ni da masu kawo ɗinki sai mun yi ihu muke jin juna. Na tsani jirgin nan, kuma ban ɓoye ba.

Ranar da masu rusau suka shafa wa rumfar jan fenti, fentin ya haɗa da bangona. Yaya ya ce zai ga manya, kada in ɗauke ko allura. Na yarda, don yayana ne. Shi kuwa ya kawo babbar mota ya kwashe jirginsa zuwa gonarsa ta Karshi, wai can ya fi fili.

Ina kasuwa sayen zare katafila ta zo. Na dawo na tarar an rushe rumfar har da ɗakina, kekena a ƙarƙashin bulo, kansa ya karye, atamfofin mutane sun cuɗe da ƙasa. Ina durƙushe ina tono da hannu ya iso, ya tsaya a kaina yana leƙe.

"Yauwa, tunda kina tonawa," in ji shi, "akwai wata 'yar jakar ƙusoshin fiffike da na manta. Ki duba min, ba a samun su a ƙasar nan."