Rantsuwar Inna Maimuna

Duk mai cin kasuwar Gujungu ya san Inna Maimuna mai daddawa, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke zama a bakin layin 'yan kayan miya, ba ta ragi, ba ta kuma faɗa da kowa. In ka ce daddawarta ta yi tsada, sai ta ce ka je ka shinshina ta maƙwabciyarta. Yawanci kuwa sai a dawo.

A wani ƙauye kusa da Taura aka haife ta, nan ta yi aure, nan mijinta Yahuza ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Da kalwa da 'yan awakinta ta riƙe gidan, ba wanda ya taɓa jin ta kai kukanta ƙofar wani.

Tana cikin ragowar matan da suka riƙe kunyar ɗan fari yadda suka gada. 'Yarta ta fari Ruwaida ce, amma tun ranar suna wannan sunan bai taɓa fitowa daga bakinta ba. "Ke" take ce mata, in ba ta kusa kuma "yarinyar nan". Ko kallonta ba ta yi a gaban mutane. Matan yanzu suna mata tsiya, su ce ai su har hoton 'ya'yansu suke sawa a fuskar waya. Sai ta ce to, a yi ta sawa, ita dai ba ta ga uwarta ta yi ba.

Da aka yaye yarinyar, yayan mijinta Malam Ubaidullahi, mai makarantar allo a Kiyawa, ya zo ya ɗauke ta riƙo. Ranar Maimuna ta shige ɗaki ta sha kukanta, ta fito ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido. Malam ya riƙe yarinyar da zuciya ɗaya. Da ya kai ta firamare aka tambayi sunan uba, sai ya ba da nasa, don a wurinsa abin kunya ne ya bambanta 'yar ƙaninsa da 'ya'yan cikinsa. Haka ta zama Ruwaida Ubaidullahi a kowace takardar makaranta, har ta samu gurbi a jami'ar da ke Kafin Hausa. Malam ya ɗauki nauyin shekarar farko, damina na faɗuwa Allah ya karɓi abinsa.

Nan fa karatu ya fara tangal-tangal. Maimuna ta yi ta kai awaki kasuwa har turken ya kusa zama wayam, amma akuya ba ta haihuwa daidai da zangon jami'a. Abin da ya rage shi ne tallafin karatu da gwamnati ke bai wa ɗalibai. In ya samu, yarinya ta ci gaba. In bai samu ba, ta tattaro littattafanta ta dawo gida.

Ruwaida ta cike takardu, ta karɓo shaidar asalinta. Mai unguwar ƙauyensu, wanda da shi aka ɗaura auren Yahuza, ya rubuta abin da ya sani: Ruwaida Yahuza. Shi ma ya yi gaskiya, marigayi Malam ma ya yi zumunci, sai ga gaskiya da zumunci sun haɗu sun raba yarinya ɗaya gida biyu. A wurin tantancewa a Dutse, ma'aikacin ya jera takardun, ya ce shi mutum biyu yake gani. Bai kore ta ba, Allah ya saka masa. Ya ce ta kawo mahaifiyarta kotu ta yi rantsuwa cewa mutum ɗaya ce, kafin a rufe ranar Alhamis.

Da Ruwaida ta zo da maganar, Maimuna na tsame kalwa daga tukunya, ba ta ɗago ba.

"Wani cikin kawunnanki ya je mana," in ji ta.

"Inna, sun ce tunda kina raye ke za ki je. Kuma da bakinki za ki faɗa."

"In faɗi me?"

Ruwaida ta sunkuyar da kai. Ita ma kunyar ta kama ta.

Kwana biyu Maimuna tana fama da zuciyarta. Haushi take ji, na takarda da masu takarda, waɗanda ba su san cewa akwai son da ba a faɗa ba. Tsoro kuma take ji, kada taurin kanta ya kashe abin da Malam ya dasa. Ranar Laraba da safe ta ɗauko mayafinta na unguwa, ta ce wa maƙwabciyarta ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

A kotu magatakarda ya zaunar da ita, ga mutane cike da benci suna jiran layi. Ya nuna Ruwaida.

"Iya, mece ce wannan a wurinki?"

"Yarinyar gidanmu ce, ranka ya daɗe."

"Iya, gidanku ai har kaji akwai. 'Yarki ce ko ba 'yarki ba ce? Ya sunanta?"

Wasu suka yi dariya. Wata tsohuwa a benci ta gane abin da ke faruwa, ta ce, "Ɗan nan, bi ta a hankali, 'yar fari ce." Magatakarda ya ajiye biro, ya sassauta murya, ya ce ta yi haƙuri, doka ce, sau ɗaya kawai yake buƙata.

Maimuna ta kafa wa bango ido. Sannan ta ce, "'Yata ce. Ni na haife ta. Ruwaida sunanta. Yahuza ya haifa, Malam Ubaidullahi ya riƙa, Allah ya ji ƙansu."

Ta dangwala yatsa. Ruwaida ta rufe fuska da hijabi, tana kuka. Shekararta ashirin da ɗaya, ranar ta fara jin yadda sunanta yake a bakin uwarta.

Kafin azahar sun mayar da takardar, ma'aikacin ya buga hatimi, ya ce suna ya shiga. Tallafin ya fito bayan 'yan watanni, ya kuma ci gaba da fitowa, yanzu Ruwaida tana aji uku. Har yau in Maimuna ta idar da salla sai ta yi wa ma'aikacin nan addu'a, da magatakarda, da tsohuwar da ba ta san sunanta ba, da duk wanda ya fara tunanin a taimaki 'ya'yan talakawa su yi karatu. Godiya take yi ta gaske, ba ta fatar baki ba. In mata suka tsokane ta cewa ashe dai ta faɗa, sai ta ce hukuma ce ta tambaya.

Sai dai akwai wanda hukuma ba ta tambaya ba. A tashar Dutse ranar rantsuwar nan, motar Kafin Hausa ta riga cika, Ruwaida ta shiga ta zauna a gefen taga. Direba ya tayar da mota. Maimuna na tsaye da ƙullin daddawar da ta ɗauko tun daga gida, ta rasa yadda za ta miƙa, ga hayaniya, "ke" kuma ba za ta kai ba, don mata sun fi goma a motar.

"Ruwaida!" ta kira da ƙarfi, har 'yan kamasho suka waiwayo. Ta tura mata ƙullin ta taga. "Ungo. Ki riƙa cin abinci, kin rame."