Na Zargi Aminina Da Sayar Da Jabu, Ashe Kunnena Ne

A shekarun da nake ba ku labarinsu, ni ne mai sono a Matameye. Duk bikin aure ko suna, daga cikin gari har Yauri da Tsauni, ni ake kira in kafa kayan sauti. Ina kuma da ɗan ɗaki a bakin kasuwa inda nake ɗaukar muryoyin mawaƙa. Ba abin da nake taƙama da shi kamar kunnena. Kas ɗina, wato abin sauraren nan da ake kifawa a kunne, ba ya sauka daga kaina tun hantsi har la'asar, kuma kullum ƙararsa a ƙure take.

Da na fara jin sautinsa ya dusashe, sai na ce tsufa ya yi. Ina da amini ɗan Dawce, tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, yana cin rani a Kano yana sayar da kayan sauti. Na roƙe shi ya samo mini na gaske, irin na manyan masu ɗaukar waƙa. Da ya dawo gab da damina ya kawo mini guda uku, ya ce in riƙe su mako guda, wanda ya kwanta mini in ɗauka.

Na rufe ɗakina na zauna gwaji da waƙa ɗaya, ta wata tsohuwa mai kiɗan ƙwarya da na ɗauka da hannuna. Na farko ya buɗe sautin, kamar a fili take waƙar. Na biyu ya fi nauyi, har a ƙirji nake jin bugun ƙwaryar. Na uku ya matso da muryarta kusa. Amma akwai wurin da awarwaronta ke kaɗawa, na san shi sarai, kuma duk cikin ukun babu wanda ya fito da shi. Ɓangaren hagu kuwa kamar an cusa auduga. Na ba matata ta saurara, ta ce ita dai tana jin awarwaron, kuma ɓangarorin daidai suke. Na ce mata me ta sani a harkar sauti.

Ranar kasuwa na sami aminin nawa a rumfar mai shayi, na zube masa su a gaban jama'a, na ce jabu ya kwaso mini don ya raina ni. Ya ce in yi haƙuri mu koma gefe mu yi magana. Na ƙi, na ƙara ɗaga murya. Bai rama ba. Ya tattara su ɗaya bayan ɗaya, ya goge ƙura da bakin rigarsa, ya tafi.

Bayan girbi masu biki suka fara ƙorafi wai sautina yana huda kunne, aiki ya ja baya. Wani siririn fito kuma ya tare a kaina ba ya tsayawa. Matata ce ta matsa muka je asibiti a Damagaram. Likita ya sa mini kas, ya ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Ina kallon yatsansa yana danna maɓalli, yana sake dannawa, hannuna yana kan cinyata. Ya ce ƙarar da na daɗe ina ɗura wa kaina ta cinye kunnen hagu, na dama ma ya taɓu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Na je Dawce neman gafara. A can na ji cewa tun ranar kasuwar nan mutanen yankinmu suka daina ba shi saƙon kaya, har yana shirin kwashe iyalinsa ya koma Kano gaba ɗaya. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya saurare ni har na gama. Ya faɗi wata magana ban ji ba, na ce ya maimaita. Sai ya matso ta kunnena na dama ya ce ya yafe tuntuni. Kuka na yi a gaban ƴaƴansa.

Yanzu na bar sono, noma nake yi. Ƴan uwa masu kwana da tashi da abin saurare a kunne, don Allah ku rage ƙara, kuma ku riƙa hutar da shi. Idan kuma wani abu ya canza muku, ku fara binciken kanku kafin ku ɓata sunan wani a bainar jama'a. Ni an yafe mini, amma mutumin nan bai sake zama a garinsu ba.